Akurki Ba Buhun Cusa Kaji Ba Ne

An daɗe ana cewa kaza ba ta buƙatar fili, wai tunda kwana kawai take yi a akurki, ko ashirin ka cusa a ɗan lungu za su ɗumama juna. Ɗumin kam gaskiya ne a lokacin hunturu. Amma fa kaza ba ta gumi. Da haki take rage zafin jikinta, tana buɗe baki da fukafukai. Leƙa cunkusasshen akurki da daddare a watan Afrilu, za ka ji warin kashinsu ya bugi hancinka har idonka ya yi yaji. Wannan iskar suke shaƙa har asuba, ita ke lalata musu hanyar numfashi, cuta kuma ta samu ƙofa. Ga tsattsagar juna: sai ka ga wata duk bayanta ya zama sanƙo, mai gida yana ɗora wa zakara laifi.

Ma'aunin da masu kiwo suka saba bi shi ne kaji uku a kowace murabba'in mita ɗaya, idan suna fita kiwo da rana. Wato kaji 12 na son ɗaki mita 2 tsawo, mita 2 faɗi. In kuwa a killace suke, a ƙara musu farfajiya, kusan murabba'in mita ɗaya kowace kaza.

Sandar hawa ma a tanada, kamar santimita 25 ga kowacce, da wurin saka ƙwai ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. Tagogin iska kuwa a yi su ta sama, a rufe da raga saboda muzuru.