Rikicin S-400 tsakanin Turkiyya da Amurka

Rikicin S-400 saɓani ne da ya kunno kai tsakanin Turkiyya da Amurka bayan da Turkiyya, wadda take cikin ƙungiyar tsaro ta NATO tun 1952, ta sayi garkuwar kakkaɓo jirage da makamai masu linzami samfurin S-400 daga Rasha. Kamfanin Almaz-Antey ne ke ƙera wannan makami, kuma mafi dogon zango daga cikin makamansa masu linzami yana kai kimanin kilomita 400.

Turkiyya ta daɗe tana neman garkuwar sararin samaniya mallakar kanta. Ta so garkuwar Patriot ta Amurka, amma ciniki bai faɗa ba, don ba a daidaita kan farashi da kuma ba ta fasahar ƙerawa ba. A 2013 ta zaɓi wani kamfanin China, sannan ta janye a 2015 bayan ƙawayenta sun matsa mata. A wannan shekarar ce Amurka da Jamus suka kwashe Patriot ɗin da suka girke mata a kusa da iyakar Siriya, abin da ya sosa wa mahukuntan Ankara rai matuƙa.

Abin mamaki, a watan Nuwamban 2015 Turkiyya ta harbo jirgin yaƙin Rasha samfurin Su-24, har ƙasashen biyu suka yi zaman doya da manja. Yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yuli 2016 a Turkiyya ne ya juya akalar. Shugaba Recep Tayyip Erdoğan ya ga ƙasashen Yamma sun yi sanyin jiki wajen mara masa baya, kuma Fethullah Gülen, mutumin da yake zargi da kitsa yunƙurin, yana zaune ne a Amurka a lokacin. A watan Disamban 2017 aka rattaba hannu kan cinikin S-400 da Rasha, na kusan dala biliyan 2.5. Ranar 12 ga Yuli 2019 jiragen dakon kaya na Rasha suka fara sauke kayan a sansanin Mürted da ke kusa da Ankara, sansanin da masu juyin mulkin suka mayar cibiyarsu shekara uku kafin nan, lokacin ana kiransa Akıncı.

Damuwar Amurka ta ta'allaƙa ne kan jirgin yaƙi F-35, wanda darajarsa ita ce wuyar ganinsa a na'urar rada. In ƙasa ɗaya ta riƙe jirgin da kuma radar S-400 ta Rasha, kullum yana shawagi radar tana karantarsa, to sannu a hankali za a tara bayanan yadda ake gano shi, kuma Amurka ba ta yarda cewa bayanan ba za su isa Mosko ba. Turkiyya ta ce ba za ta haɗa S-400 da na'urorin NATO ba, ta kuma nemi a kafa kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa. Amurka ta ƙi.

Kwana biyar bayan isowar kayan, fadar White House ta sanar da cire Turkiyya daga shirin F-35. Asarar ba ƙarama ba ce. Turkiyya ta yi shirin sayen jirage 100, kamfanoninta suna ƙera sassan jirgin kusan 900, matuƙanta kuma suna samun horo a jihar Arizona. Jiragen da aka riga aka ƙera mata ba su taɓa barin Amurka ba. A watan Oktoban 2020 Turkiyya ta gwada makamin a Sinop, bakin Baƙin Teku, sai Amurka ta ƙaƙaba wa hukumar masana'antun tsaron Turkiyya da shugabanta İsmail Demir takunkumi ranar 14 ga Disamba 2020, ƙarƙashin dokar CAATSA ta 2017, wadda ta tanadi hukunta masu yin babban cinikin makamai da Rasha. Wannan ne karon farko da dokar ta hau kan wata ƙasar NATO.

Turkawa suna ganin an yi son kai, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Girka, ita ma 'yar NATO, tana da S-300 na Rasha a tsibirin Kirit. Indiya ta ƙulla cinikin S-400 a 2018 ba tare da an hukunta ta ba. Amsar da ake ba su ita ce S-300 tsohon samfuri ne da Girka ta gada daga Saifurus a ƙarshen shekarun 1990, Indiya kuwa ba ta cikin NATO, ba ta kuma cikin shirin F-35.

An ɗan samu sassauci a watan Janairun 2024, lokacin da Amurka ta amince ta sayar wa Turkiyya sababbin jiragen F-16 guda 40 tare da kayan sabunta tsofaffinta, a cinikin da aka ƙiyasta kan dala biliyan 23. Amincewar ta zo ne 'yan kwanaki bayan majalisar dokokin Turkiyya ta yarda Suwidin ta shiga NATO. Batun F-35 kuwa, dokar Amurka ta 2019 ta hana miƙa wa Turkiyya jirgin muddin S-400 yana hannunta.