Gwanayen kwamfuta ba haka suke ba yadda fim ke nuna su

Wallahi abin nan yana damuna, duk fim ɗin Amurka da za a nuna gwanin kwamfuta sai ka ga siririn saurayi da tabarau mai kauri a ɗaki mai duhu, ko gaisuwa bai iya ba, ya daddanna minti ɗaya ya ce ya shiga banki. Har mutane sun ɗauka haka abin yake.

To ai tun farko ma mata na cikin aikin dumu-dumu. Mata 6 ne suka fara tsara wa ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, aiki a 1945, suna jona wayoyi da hannu, kuma Margaret Hamilton ce ta jagoranci masu rubuta manhajar kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969. A 1984 kusan kashi 37 cikin 100 na masu digirin kwamfuta a Amurka mata ne, daga baya adadin ya yi ta sauka, kuma ni ina ganin tallace-tallacen da suka mai da kwamfuta kayan wasan yara maza sun taimaka.

Shi kuwa kutse sau da yawa da baki ake yinsa. Kevin Mitnick, wani shahararren mai kutsen kwamfuta a Amurka, a zamaninsa waya yake buga wa ma'aikaci, ya yi masa daɗin baki har ya karanto masa lambar sirri da kansa.