Waiwaye: Canjin Hannun 1972 Da Irin Jif Ɗin Da Kano Take Hawa

Tun da litar fetur ta bar ƙasa da naira 200 ta kama hanyar dubu, zancen manyan motocin nan da muke kira jif bai kwanta ba a Kano. A majalisun unguwa da gidajen rediyo da Facebook mutane sun rabu. Wasu na cewa dama can hawan jif fariya ce, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Masu ita kuwa cewa suke duk wanda ya san halin da lungunan bayan gari ke shiga da damina, ko yake da gona a can bayan Tudun Wada, ba zai kira ta ƙawa ba. Dattawa suna da tasu maganar: motocin yanzu ne ba su da ƙwari, ina ma Land Rover ta da, wadda ake gyarawa a gindin bishiya da sifana biyu da guntuwar waya.

Kusan kowa yana fara lissafinsa ne daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka janye tallafin mai. A ganina wannan rana asirin kawai ta tona. Irin motar da ke tsaye a ƙofar gidajenmu yau, da yawan shan manta, da rashin jimirinta a daji, an share musu hanya shekara 51 kafin nan.

Asalin abin sananne ne. Sojan Amurka ne suka nemi ƙaramar mota mai ja da ƙafa huɗu a Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin Willys da Ford suka ƙera fiye da 600,000 daga 1941 zuwa 1945. Ingila ta fito da Land Rover a 1948, da jikin alminiyam saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi. A 1951 Japan ta fito da Nissan Patrol da kuma motar da Toyota ta raɗa wa suna Land Cruiser a 1954. A ƙasar Hausa Land Rover ce ta fara yin suna. Ita ce motar Di'o da En'e da 'yan sanda, ita ke kai malaman gona da masu allurar shanu ƙauyukan da ko burji bai isa ba. Ba mai sayenta don a gan shi, domin kujerarta tauri, ga ƙara, ga ƙura. Range Rover ta 1970 ta haɗa ƙarfin daji da jin daɗin zama, Pajero ta biyo baya a 1982 ta yi suna a tseren Faris zuwa Dakar da ke ratsa Agadas. A yaƙin Chadi da Libiya na 1987 kuwa duniya ta ga a-kori-kurar Toyota ta gagari tankokin yaƙi a cikin rairayi.

To, a tsakiyar wannan tarihi akwai ranar da ba a cika kawo ta cikin zancen ba: Lahadi, 2 ga Afrilun 1972, ranar da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Dattawan Kano suna tuna ta da sunan canjin hannu. An yi ta shela a rediyo, an sauya allunan titi, direbobi sun yi kwanaki suna ɗari-ɗari a shataletale.

Shawara ce mai kan gado, kuma har yau ban ga abin kushewa a cikinta ba. Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, wadda ta koma Benin, duk a dama suke tuƙi. Direban da ya ɗauko kaya daga Kano zuwa Maraɗi ko Damagaram sai ya sauya hannu a bakin iyaka, ya sake sauyawa in zai dawo. Saliyo ta riga mu a 1971, Ghana ta biyo mu a 1974. Abin da ba wanda zai iya hangowa a lokacin shi ne, mayar da sitiyari ɓangaren hagu na mota ya yanke mana ƙasashen da za mu iya sayen mota ta hannu daga gare su.

A shekarun farko ba a ji komai ba, domin sabuwar mota ake saye, kamfani kuma duk ɓangaren da ka ce a nan zai sa maka sitiyari. Kuɗin mai na shigowa, Peugeot ta buɗe masana'anta a Kaduna a 1975, Volkswagen na Legas, Leyland na Ibadan, Steyr na Bauchi, a nan Kano ma ana harhaɗa manyan motocin Fiat. Ma'aikaci yana karɓar bashin mota ya fito da ita da ledarta. Peugeot 504 ma, duk da ba ta ja da ƙafa huɗu, ta yi wa mutanenmu rabin aikin jif a hanyoyin kasuwannin ƙauye.

Sai 1986 ta zo, darajar naira ta fara zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi da matsakaicin ɗan kasuwa. Aka koma kan ta hannu. A nan ne hukuncin 1972 ya fara aiki, domin mai sayen ta hannu ba ya zaɓar inda sitiyari zai zauna, yadda ya same shi haka zai ɗauka.

A duba ƙasashen da jif ta ci gaba da zama motar aiki, ta manomi da mai haƙar ma'adinai da mai kiwo: Ostireliya, Afirka ta Kudu, Tailan inda ake ƙera Hilux da yawa, sai Japan mahaifarsu. Dukansu a hagu suke tuƙi, sitiyarinsu na dama. Japan tana da tsarin duba lafiyar mota mai tsauri da tsada, wanda ke sa mutane rabuwa da mota tun tana da sauran ƙarfinta. Waɗannan motoci, cikinsu har da Prado da Pajero da Hilux Surf masu injin dizal, jiragen ruwa suka riƙa sauke su a Mombasa da Darussalam. Shi ya sa manomin Kenya ko Tanzaniya ko Yuganda, ƙasashen da ba su canza hannu ba, yake samun motar daji ta gaske a farashin ta hannu. Mu wannan ƙofa a rufe take gare mu. Doka ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba, masu kawo ta a juya mata sitiyari a gareji kuwa da ransu suke wasa, domin aikin ya shafi burki da wayoyi da duk ƙarafan juya ƙafa.

Ƙofar da ta rage mana ta Turai ce da Amurka. Da farko Beljiyam da Jamus da Holan ne, ta tashar Kwatano, har sunan garin ya zama sunan motar. A wannan zango an samu Pajero da Patrol masu ƙwari, amma Turai ƙasar ƙananan motoci ce, jif ɗinta ba ta da yawa, kuma galibinta dizal ce, mu kuwa a lokacin fetur ke da tallafi. Da aka shiga shekarun 2000 sai akalar ta karkata Amurka da Kanada, inda jif take jibge kamar ƙasa kuma ga araha a wuraren gwanjo.

Sai dai jif ɗin da Amurka ke da ita a lokacin ta riga ta sauya hali. Dokar tsimin mai da suka kafa a 1975 ta sassauta wa motocin ɗaukar kaya, aka kuma lissafa jif a cikinsu, don haka kamfanoni suka samu sararin ƙera manya masu babban inji. Daga fitowar Ford Explorer a 1990 jif ta zama motar iyali, ta kai yara makaranta da zuwa kanti a kan kwalta mai santsi. Daga nan aka fara cire mata abin da ya mai da ita motar daji. Ta asali tana da shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa kamar tsani aka ɗora bodi a kai, tana kuma da giyar ƙarfi ta fita daga taɓo da yashi. RAV4 ta 1994, CR-V, Lexus RX300 ta 1998, Highlander, Pilot, Murano, duk ba su da waɗannan. Ƙirar ƙaramar mota ce aka ɗaga aka faɗaɗa, wasunsu ma ƙafar gaba kaɗai ke ja. Motoci ne masu kyau a aikin da aka yi su dominsa, amma ba don hanyar Riruwai a watan Agusta aka yi su ba.

Waɗanda aka yi don irin hanyoyinmu kuwa ba sa cikin kasuwar da muke saye. Land Cruiser samfurin 70, wadda ake ƙerawa tun 1984 har yau kusan ba a sauya ta ba, ba a taɓa sayar da ita a hukumance a Amurka ba. Hilux ta bar kasuwarsu a 1995, Tacoma ta maye gurbinta. Defender ta fice a 1997. Prado ta shiga can ne da rigar Lexus GX470, da injin fetur mai silinda takwas. Babbar Land Cruiser ɗin da aka sayar a can har 2021 ma fetur ce, mai lita 4.7, daga baya 5.7. Akwai irin su 4Runner da suka riƙe shasinsu, kuma masu su a Kano ba sa saurin rabuwa da su, amma su ma fetur ne.

Duk mai son ganin wannan tarihi da idonsa ya leƙa wurin dillalan mota a titin Zariya ko na Maiduguri, ya buɗe ƙofar jif guda ya zauna. Agogon gudu da mil yake lissafi, ba kilomita ba. Ma'aunin zafi na Amurka ne, sai ka ga ya nuna 105 da rana tsaka. Kusa da giya akwai maɓallin ɗumama kujera, saboda an yi ta ne don masu fama da ƙanƙara. In ka durƙusa ka haska ƙarƙashinta da fitilar waya, sau da yawa za ka tarar da tsatsa ta ci ƙarafan, aikin gishirin da ake watsa wa titunansu da hunturu. Wata kuma hatsari ta yi ko ambaliya ta shanye ta, kamfanin inshora ya sallama ta, aka gyara fuska aka yi fenti.

Wahalar mai ita takan fara ne daga fitilar nan ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban direba. Tun 1996 duk motar da za a sayar a Amurka sai da tsarin kwamfuta mai lura da inji da hayaƙi. Makanikan Ƙofar Ruwa, waɗanda suka ƙware a kan kafireto har suna gane ciwon inji da kunne, sai ga su da motar da ba ta faɗin ciwonta sai an jona mata na'ura. Suka yi mata maganin da suka sani yana aiki a tsofaffin motoci: a cire abin da ke daidaita zafin ruwan lagireto, a haɗa fanka kai tsaye, a fasa tukunyar tace hayaƙi da suke kira indomi. Motar za ta tashi, amma ƙwaƙwalwarta ta rikice, tana ganin injin bai yi zafi ba, sai ta yi ta ƙara masa mai. Ban ga laifinsu ba. Kaya ne suka sauka a gabansu ba littafi, ba horo, ba kayan aiki, kuma yaran da suka koyi aikin na'urar daga baya da kuɗin aljihunsu suka koya. Da damina kuma ga mai shiga ruwa da gaba gaɗi saboda yana ganin jif yake ja, alhali bakin da injinsa ke shaƙar iska bai fi na ƙaramar mota tsawo da yawa ba. Ruwa ya shiga, inji ya buga.

Abin da ya rufe duk wannan shekara da shekaru shi ne arhar fetur. Lita tana naira 65 har ƙarshen 2011, ta koma 97 a 2012, ta kai 145 a 2016. Tankin da ke cin lita 90 ana cika shi da ƙasa da naira 6,000 a farashin farko. Da lita ta kai dubu a 2024, wannan tankin dai sai da naira 90,000. Dizal kuwa an daɗe da sakin farashinsa, ya fi fetur tsada, don haka ko 'yar jif mai dizal da ta samu shigowa ba ta yi farin jini ba. Hannun tuƙi ya tura mu kasuwar manyan injinan fetur, arhar mai kuma ta hana mu jin nauyinsu. Ga faɗuwar naira daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, wadda ta ninka kuɗin kowane shokozoba da famfon mai da ake kawowa daga waje.

Za a iya cewa ai Nijar ma a dama take tuƙi, ga Land Cruiser cike da Agadas. Gaskiya ne, amma tasu ta hanyar Libiya da Aljeriya da ƙasashen Larabawa take zuwa, inda ake sayar da samfurin sahara mai sitiyarin hagu. Mu ma muna da wannan hanya ta Dubai, daga nan ne mafi yawan Prado da Hilux masu ƙwari suke shigo mana. Sai dai sababbi ne ko kusa da sababbi, kuɗinsu na ƙungiyoyin agaji ne da kamfanoni da manyan attajirai. Ɗan kasuwar Dawanau da ke bin ƙauyuka sayen riɗi da waken suya, wanda ya fi kowa buƙatar irin wannan mota, shi ne ke ƙarewa da tsohuwar Highlander yana canza mata ƙafa duk bayan damina.

Yanzu wasu masu jif sun koma sa mata tukunyar iskar gas, wasu sun sayar a faɗuwa. Kasuwar da muke dogaro da ita kuma tana sake sauyawa. Land Cruiser ɗin da ta koma Amurka a 2024 mai silinda huɗu ce da turbo, haɗe da batir da injin lantarki, kuma irinta ce za ta cika wuraren gwanjonsu nan da shekara goma. Sin ma a dama take tuƙi, shi ya sa jif-jif ɗinta suka fara bayyana a titunan Kano da sitiyarin da ya dace da mu, sababbi, a farashin da ya kusa na tsohuwar Lexus. Masu sayensu tambayar farko da suke yi wa dillali ita ce ko akwai kayan gyaransu a Ƙofar Ruwa.