Jiragen sararin samaniya na shirin Star Trek

Jiragen sararin samaniya na Star Trek kumbuna ne na ƙirƙira da aka zana aka kuma sassaƙa domin shirin talabijin na Amurka mai wannan suna. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro shirin, kamfanin Desilu ya shirya shi, tashar NBC kuma ta fara nuna shi ranar 8 ga Satumba 1966. Ya ƙare a 1969 bayan zango uku da kashi 79. A wancan zamani babu kwamfutar da za ta zana jirgi a fim, don haka duk jirgin da mai kallo ya gani samfuri ne na katako da roba da ƙarfe, wanda aka kafa a gaban kyamara. Abu biyu ne suka fi yi wa ƙirar waɗannan jirage jagora: tunanin mutumin da ya san jirgin sama ciki da waje, da kuma ƙarancin kuɗi. Ga shi kuma akwatunan talabijin na lokacin ƙanana ne, da yawansu ma ba su da launi, saboda haka dole a gane jirgi daga siffarsa a kallo ɗaya.

Enterprise

Uwa-uba a cikinsu shi ne USS Enterprise mai lamba NCC-1701. A takardar farko da Roddenberry ya rubuta a 1964 sunan jirgin Yorktown ne, daga baya aka canza. Wanda ya zana shi Walter Jefferies ne, da aka fi sani da Matt (1921 zuwa 2003). Ya yi aiki a jiragen yaƙi masu jefa bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙi ne, kuma gwanin zanen jiragen sama ne. Umarnin da Roddenberry ya ba shi ya fi yawa a kan abin da ba ya so: ban da roka, ban da fukafukai irin na kibiya, ban da harshen wuta yana fita ta baya. Yana son jirgin da zai nuna ƙarfi da gudu ko da yana tsaye.

Jefferies ya bi abin da hankali. Ya ce injin da zai iya tura jirgi fiye da gudun haske abu ne mai haɗari, bai kamata mutane su kwana kusa da shi ba. Sai ya ɗora injuna biyu masu siffar bututu a kan dogayen sanduna, can nesa da gangar jirgin, yadda kuma za a iya cire su a sauya. Mazaunin ma'aikata da farko ƙwallo ya zana, domin ita ce siffar da ta fi jure matsin iska, amma a hankali ƙwallon ya baje ya koma faifai. Wani siririn wuya ne ya haɗa faifan da ganga ta biyu a ƙasa, wadda ke ɗauke da wani kwano a gaba da ma'ajiyar ƙananan jirage a baya. Jikin jirgin kuwa sumul ya bar shi. Dalilinsa shi ne babu mai hankalin da zai sa kayan da ke buƙatar gyara a waje, inda kanikawa za su riƙa fita cikin sararin da babu iska. Wannan dalili ɗaya ya bambanta Enterprise da jiragen finafinai da yawa na baya, waɗanda aka cika jikinsu da ƙusoshi da bututai don kawai su burge ido.

Ko lambar ma da lissafi aka zaɓe ta. Haruffan NC su ne ake rubutawa a jikin jiragen farar hula na Amurka a da, sai ya ƙara C ɗaya. Ya guji 3 da 6 da 8 da 9 domin suna rikicewa da juna a ƙaramin allo, abin da ya rage ya haɗa 1701. A cikin labarin tsawon jirgin mita 289 ne, ma'aikatansa kuma 430.

Samfura biyu aka yi amfani da su. Richard Datin ya fara gina ƙarami mai tsawon kusan ƙafa uku a 1964, sannan aka gina babba mai ƙafa 11 a wani shago da ke Burbank a jihar Kalifoniya, nauyinsa wajen kilo 90. Wanda ya tsaya kusa da babban zai ga abin da kyamara ta ɓoye: ɓangarensa na hagu ba a kammala shi ba, ta nan wayoyin lantarki suke fita. Shi ya sa kusan kullum ta dama ake ɗaukarsa, yana tafiya daga hagun allo zuwa dama. In ana son ya fuskanci ɗaya gefen, sai a manna masa lambobi a juye, a ɗauka, sannan a juya fim ɗin. Jan hasken nan mai juyawa a goshin injuna kuwa, ƙananan fitilun ado ne na Kirsimeti da gutsattsarin madubi da farfela da ƙaramin mota ke juyawa a bayan murfi mai duhu-duhu.

Rashin kuɗi ne kuma ya hana Enterprise sauka a kan wata duniya. Nuna saukar jirgi mai wannan girma kowane mako zai cinye kasafin shirin, sai marubuta suka ƙirƙiro na'urar da ke narkar da mutum ta haɗa shi a wani wuri. Dabarar rufin asiri ce, amma ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi tunawa da shirin da su. Ma'aikatan shirin sun riƙa kiran ƙunƙuntattun hanyoyin da injiniyoyi ke rarrafawa a cikin jirgin da sunan Jefferies don raha, sunan kuma ya bi su har ya shiga bakin 'yan wasa a shirye-shiryen da suka biyo baya.

Jiragen abokan gaba

Jirgin Romulan, wata al'ummar wata duniya da ke gaba da mutanen Enterprise a labarin, ya fara bayyana a Disamba 1966, a kashin da ake kira "Balance of Terror", labarin farauta tsakanin jirage biyu irin ta jirgin ruwan yaƙi da jirgin ƙarƙashin teku. Wah Chang ne ya ƙera shi, haifaffen Honolulu, wanda shi ne kuma ya ƙera 'yar na'urar sadarwa mai murfi da ma'aikatan Enterprise ke riƙewa. Jirgin faffaɗa ne, da inji a ƙarshen kowane fiffike, an kuma zana ƙaton tsuntsu mai farauta a cikinsa ta ƙasa. Yana iya ɓacewa daga gani, amma sai ya bayyana kafin ya yi harbi.

Mutanen Klingon, wata al'ummar abokan gaba daga wata duniyar daban, sun shigo shirin tun Maris 1967, sai dai ba a ga jirginsu da kyau ba sai a zango na uku a 1968, saboda babu kuɗin gina shi. Kamfanin AMT mai yin samfuran roba na haɗawa a gida ne ya biya, shi kuma ya samu damar sayar da kwafinsa a kantuna. Jefferies ya ɗauko siffar daga wani faffaɗan kifin teku mai kamar fukafukai. Ya sa ƙaramin kai a gaba, da dogon wuya, da faffaɗar ganga a baya, injuna kuma suna rataye ƙasa. Enterprise ya ɗaga injunansa sama kamar mai miƙa hannu, wannan kuwa ya sunkuya kamar dabbar da ke shirin kai cafka. A ganin masu sha'awar ƙira da yawa, kuma da gaskiyarsu, wannan ne aikin Jefferies da ya fi tsafta, domin babu layi ɗaya a jikinsa da ba ya aiki. Sunan D7 da ake kiransa da shi bai fito daga bakin kowa a shirin na asali ba, sai daga baya ya tabbata.

Abin dariya shi ne masu kallo sun fara ganin jirgin Klingon ne a hannun Romulan. A kashin "The Enterprise Incident" an yi amfani da sabon samfurin a madadin na Chang, aka sa Spock, mataimakin kyaftin ɗin Enterprise, ya faɗi jimla ɗaya cewa Romulan yanzu ƙirar Klingon suke amfani da ita. Da wannan jimla aka toshe ramin.

Galileo da Constellation

AMT ɗin dai ita ta gina ƙaramin jirgin jigila Galileo, har da mai girman da 'yan wasa za su tsaya kusa da shi. Jefferies ya so mai lanƙwasa, amma jiki mai lanƙwasa tsada gare shi, sai aka ƙare da mai kamar akwati. Bayan shekaru yana yawo hannu zuwa hannu yana ruɓewa, masoya shirin suka saye shi suka gyara, aka kai shi cibiyar baje kolin sararin samaniya ta Houston a 2013.

A kashin "The Doomsday Machine" na Oktoba 1967 ana buƙatar wani jirgi ɗan'uwan Enterprise da yaƙi ya ragargaza. Ba wanda zai yarda a taɓa babban samfurin. Sai aka ɗauko kwalin AMT irin wanda yara ke saya, aka haɗa, aka ƙona shi aka farfasa, aka sa masa suna Constellation. Lambobin mannawa da ke cikin kwalin 1 da 7 da 0 da 1 ne kawai, sai aka sauya musu jeri. Dalilin da ya sa lambarsa ta zama NCC-1017 ke nan.

Bayan shirin asali

Yawancin jiragen Starfleet, rundunar da Enterprise ke cikinta a labarin, da suka biyo baya daga wannan tushe suka tsiro: faifai, ganga, injuna bibbiyu. A fim na 1979 Richard Taylor da Andrew Probert sun sabunta Enterprise bisa zanen da Jefferies ya fara, suka karkatar da sandunan baya, suka mayar da injunan masu kusurwa. Jirgin Reliant na fim ɗin 1982 yana da injuna a ƙasan faifai ne domin furodusa Harve Bennett ya duba zanen a kife ya sa hannu a haka, masu zanen kuma suka ga ya fi kyau. Probert ne ya zana Enterprise-D na shirin 1987, mai faifai kamar ƙwai wanda ke iya rabuwa da sauran jiki. A 1989 aka kawo jirgin wasu sababbin abokan gaba masu suna Borg, murabba'in dunƙule marar gaba marar baya, wanda ya ci karo da ƙa'idojin Jefferies.

Sunan ya fita daga allo ma. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi niyyar kiran jirginta na farko mai zuwa ya dawo da suna Constitution, amma masoya shirin suka yi ta aika wasiƙu, Shugaba Gerald Ford ya amince da Enterprise. An fito da shi ranar 17 ga Satumba 1976 a Palmdale, Roddenberry da yawancin 'yan wasan suna wurin. Gwajin sauka kawai ya yi, bai taɓa zuwa sararin samaniya ba.

Babban samfurin mai ƙafa 11 yana gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na Smithsonian a Washinton tun 1974, kyauta daga kamfanin Paramount. An yi masa gyara na tsanaki aka sake baje shi a 2016, shekarar da shirin ya cika 50, bayan an bi tsofaffin hotuna don dawo da fentinsa na asali. Ƙaramin kuwa, wanda ya daɗe a kan teburin Roddenberry, ya ɓace a ƙarshen shekarun 1970 bayan an ba da aronsa. Sai a 2023 ya ɓullo a shafin saye da sayarwa na intanet eBay, masana suka tabbatar shi ne, aka mayar wa ɗan Roddenberry a Afrilu 2024.