Zaɓin Launin Fenti a Cikin Tsohon Gida

Zaɓin launin fenti a cikin tsohon gida aiki ne da ya bambanta da na sabon gini, domin bangon da ya shekara hamsin ko ɗari yana da halinsa, kuma shi ne ke iyakance irin shafen da zai karɓa kafin a kai ga maganar abin da ido ke so. A tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, inda har yanzu ake zaune a soraye da ɗakunan tubali, abubuwa uku ne ke yanke hukunci: abin da aka gina bangon da shi, yawan hasken da ke shiga ɗakin, da kuma launukan da magina na farko suka bari a ƙarƙashin shafen baya-bayan nan.

Launukan asali na ginin Hausa daga ƙasa da tsirrai suka fito. Farar ƙasa ce babban abin shafen ciki, jar ƙasa kuma tana ba da launinta ne saboda sinadarin ƙarfe da ke cikinta. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ta shahara a yaɓe da daɓe har sunanta ya zama sunan launi, ana cewa ruwan makuba. Daga baya bula ta shigo kasuwa, aka riƙa ɗiga ta a cikin farar ƙasa don farin ya ƙara haske. Waɗannan launuka duka ba su da ƙyalli, kuma wannan ne ya sa suke zama daidai a kan bangon da hannu ya shafe, wanda ba ya rasa ɗan tudu da kwari. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano, ko tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, zai lura cewa kyan zanen bango yana fitowa ne daga inuwar da ke kwanciya a gefen kowane layi, ba daga tsananin launi ba.

Farin fentin zamani wani abu ne dabam. Ana yin sa da sinadarin titaniyam, wanda bai yaɗu a kasuwa ba sai a ƙarni na 20, kuma ya fi farin da aka saba da shi a dā haske nesa ba kusa ba. Idan aka shafa shi a soro mai azara baƙa da ƙofar katako, sai ya fito tas kamar bangon asibiti, ya mayar da sauran kayan ɗakin tamkar masu dauɗa. Farin da ya ɗan karkata zuwa ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske ya fi dacewa da irin wannan ɗaki.

Babbar matsala, wadda ta fi ta launi nauyi, ita ce ta danshi. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya kuma fitar da ita a hankali da rani. Farar ƙasa ba ta hana wannan shige da fice, amma fentin mai yana rufe fuskar bango ruf. Laimar da ta taso daga tushe ba ta samun mafita, sai ta taru a bayan fentin, ya kumbura, ya ɓare, yaɓen da ke ƙarƙashinsa kuma ya zama gari da yatsa ke iya tonawa. Abin takaici shi ne, daidai wurin da laima ta fi yawa, wato ƙasan bango, nan ne aka saba shafa wa fentin mai mai duhu, kimanin mita ɗaya daga daɓe, don ya ɓoye hannun yara da shatin kujeru. Wannan al'ada tana da amfani a ginin bulo da siminti, amma a bangon tubali ta sha lalata ɗakunan da suka daɗe lafiya. Mai son wannan ɗamara mai duhu zai iya samunta da jar ƙasa ko garin launi da aka dama cikin farar ƙasa, ko da yake za a riƙa sabunta ta akai-akai. Inda aka riga aka yi wa bango sabuwar filasta ta siminti, fentin ruwa marar ƙyalli ya wadatar, bayan an bar filastar ta bushe kimanin mako huɗu.

Haske shi ne abu na biyu. Tsofaffin ɗakuna an yi su da bango mai kauri da ƙananan tagogi a sama don maganin zafi, saboda haka yawancin hasken yana shigowa ne ta ƙofa, bayan ya bugi jar ƙasar tsakar gida ya ɗauko ɗuminta. A irin wannan haske ruwan ɗorawa mai laushi da ruwan ƙasa suna yin kyau, ruwan toka kuwa yakan koma kamar siminti da ba a gama ba, shuɗi mai duhu kuma ya mayar da turaka kogo. Da dare lamarin na ƙwan lantarki ne: ƙwai mai ɗumi, na wajen 2700 a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, yana ƙara wa ja da rawaya ƙarfi, farin ƙwai na wajen 6500 kuma yana disashe su. Don haka ƙwararrun masu fenti ba su dogara da ɗan katin da ake nunawa a shago, sai sun shafa launin a faɗin kamu biyu ko uku a bangon da ke fuskantar ƙofa da kuma lungu mafi duhu, sun bari ya bushe, sun duba shi da hantsi da la'asar da bayan isha'i. Farar ƙasa musamman tana yaudara, domin tana da duhu lokacin da take jiƙe, sai ta bushe take washewa.

Zaure da soron baƙi suna jure launi mai ƙarfi fiye da ɗakin kwana, kuma a nan ne aka fi samun dagi da sauran zane a kan bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi. Cike kowane layi da kore da ja da rawaya masu sheƙi yakan kashe zanen. Launi ɗaya a bango, da wanda ya ɗan fi shi duhu a jikin zanen, ya fi fito da aikin magini.

Kafin a taɓa bango, akan kankare ɗan wuri a bayan ƙofa ko saman taga da wuƙa a hankali, a ga shafe-shafen da suka hau kan juna, domin na can ƙasa shi ne launin gidan na asali. Sai dai wannan aiki yana buƙatar kula, saboda tsohon fentin mai yakan ƙunshi dalma. Amurka ta hana amfani da irinsa a gidajen zama a 1978, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, musamman ga yara ƙanana. Ba a goge irin wannan fenti a bushe, ba a ƙona shi. Jiƙa shi ake yi, a fitar da yara da masu juna biyu daga ɗakin, a kwashe ɓarɓashin da jiƙaƙƙen tsumma. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan ɗaukewar ruwa, idan bango ya sha iska ya bushe, kafin ƙurar hunturu ta yi kauri ta manne a ɗanyen shafe.