Filasta da sabon kwano ba sa ƙara maka kuɗin ƙasa

Tun da sabbin dokokin haraji na tarayya suka fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, wata magana ke yawo a majalisu da zaurukan WhatsApp na Birnin Kebbi: wai duk wanda ya yi wa gidansa filasta, ko ya sauya kwano, ko ya shimfiɗa tayil, 'yan rebenu za su zo su ninka masa haraji. Har an fara samun masu ce wa birkila ya gyara ciki ya bar waje yadda yake, kada gidan ya ja ido. Alhali bulon da bai sha filasta ba, ruwan Agusta ba ya raga masa.

Dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ba su ƙirƙiro wani harajin gyaran gida ba. Harajin kaya na kashi 7.5 da ke cikin kuɗin siminti da kwano kuwa, tun 2020 muke biyansa a bakin shago. Abin da ya shafi gida kai tsaye yana hannun jiha da ƙaramar hukuma, kuma iri biyu ne da mutane ke cakuɗawa.

Na farko shi ne kuɗin ƙasa, wanda mai satifiket ɗin mallakar fili ke biyan gwamnatin jiha duk shekara. Asalinsa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna. Filayen karkara na gargajiya, ƙaramar hukuma ke kula da su. Gwamna yana da ikon yanke wannan kuɗi da sake duba shi, amma sashe na 16 ya ɗaure masa hannu. Ya ce a duba abin da ake biya kan filaye makamanta a unguwar, kuma kada a sa dukiyar da mai filin ya kashe a kansa cikin lissafi, ko darajar da filin ya ƙara saboda wannan dukiyar. Har abin da mai filin na baya ya kashe, ba ya shiga. Ke nan fuloti biyu masu girma ɗaya a layi ɗaya a unguwar Gesse, ɗaya an ɗora masa bene, ɗaya ɗaki biyu ne da rijiya, benen ba hujja ba ne na ƙara wa mai shi kuɗin ƙasa. Idan an ƙara, sai dai don unguwar ce baki ɗaya ta yi tsada.

Wanda dokar ta tanadar wa hukunci ma, wanda ya ƙi gini ne. Satifiket yakan zo da sharaɗin a gina filin cikin wani wa'adi. Wanda ya saɓa, sashe na 19 ya ba gwamna damar ɗora masa kuɗin tara a kan kuɗin ƙasar da yake biya, na wata 12, sannan a sake duba shi idan har lokacin bai gina ba. Sashe na 28 kuma ya yarda a soke satifiket ɗin gaba ɗaya saboda saɓa sharaɗi. Mai kango da ya zuba bulo layi uku ya bar ciyawa da macizai suna damun maƙwabta, shi ya kamata gabansa ya faɗi, ba mai gyara ba.

Na biyu shi ne harajin gini. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma aikin ƙiyasta gidaje, majalisar dokokin jiha kuma ita ke yanke abin da za a karɓa. A nan ne jita-jitar ke da ɗan ƙamshin gaskiya, domin galibi ana duba abin da gidan zai iya kawowa na haya ne. Toshe ɗigo, sake daɓe, maye silin da ya ruɓe, duk mayar da gida yadda yake ne. Amma wanda ya fasa katanga ya fitar da shaguna uku a bakin titi, ko ya yanka gidan ya zuba 'yan haya, ya sauya abin da gidan yake. Ƙiyasi na iya tashi, kuɗin hayar kuma yana shiga cikin kuɗin shigar da ake biya wa haraji. Irin wannan aiki yana buƙatar izinin KUDA, wato hukumar raya birane ta Jihar Kebbi, kafin a sa diga.

Sashe na 16 na Dokar Amfani da Ƙasa adalci ne tsantsa, sai dai mutum nawa suka taɓa jin sa? Ƙiyasin gini kuwa, idan aka bar shi ga idon ma'aikaci, fenti mai sheƙi na iya jawo wa malamin makaranta abin da bai kai kan mai tsohon gida ɗaki ashirin ba. Ga shi kuma da wuya ka lallashi mutumin da kwatar layinsu ta toshe tun bara ya biya da daɗin rai.

Idan wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Alhaji, ka yi gyara, kuɗinka ya ƙaru," a tambaye shi wane daga cikin biyun yake nufi, a nemi takardar neman biya mai ɗauke da sunan hukuma da dokar da aka dogara da ita, a kuma biya ta banki a karɓi rasit. Rasitan siminti da na magini su ma a adana su. Ranar da gwamnati ta karɓi filin don hanya ko makaranta, sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ce a biya diyyar ginin da ke kai gwargwadon darajarsa a lokacin, kuma gidan da aka gyara ya fi kango kawo diyya.