Waiwaye: Shin dole ne sai da aka jefa wa Hiroshima da Nagasaki bam?

Duk shekara in watan Agusta ya kama sai wannan gardamar ta sake tashi, wasu su ce bam ɗin nukiliyar da Amurka ta jefa wa Japan shi ya kawo ƙarshen yaƙin duniya na biyu kuma ya ceci rayuka, wasu su ce kisan kiyashi ne kawai aka yi wa fararen hula. Ni dai abin ya daɗe yana damuna wallahi, kuma mu ma yaƙin nan bai bar mu a gefe ba, kakanninmu da yawa daga arewacin Najeriya Turawa sun kwashe su zuwa ƙasar Bama (Burma) cikin runduna ta 81 da ta 82, kuma sojojin Japan ɗin nan suka je suka yaƙa a cikin daji. Hatta yuraniyom ɗin da aka haɗa bam ɗin da shi, da yawansa daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kongo aka tono shi.

Ranar 6 ga Agusta 1945 da misalin ƙarfe 8:15 na safe jirgin Enola Gay ya saki bam na farko a kan Hiroshima, lokacin mutane na fita aiki. Bayan kwana uku, 9 ga wata, aka saki na biyu a Nagasaki, alhali Kokura aka nufa, gajimare da hayaƙi ne suka rufe garin jirgin ya juya. Kafin shekarar ta ƙare wajen mutum 140,000 sun mutu a Hiroshima, Nagasaki kuma sama da 70,000, wasu nan take wasu a hankali da ƙuna da ciwon da tururin bam ɗin ya sa musu. Ranar 15 ga Agusta Sarki Hirohito ya yi magana a rediyo ya ce sun miƙa wuya.

To masu kare matakin suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Japan ba waliyyiya ba ce a yaƙin nan, abin da sojojinta suka yi a birnin Nanjin na ƙasar Sin a 1937 da yadda suka azabtar da fursunoni da mutanen Koriya da Filifin ba ya faɗuwa. A tsibirin Okinawa na Japan kaɗai Amurka ta rasa sojoji sama da 12,000, an shirya kuma shiga tsibirin Kyushu na kudancin Japan ranar 1 ga Nuwamba 1945, ana tsoron abin da za a tarar ya ninka na Okinawa. An ba Japan gargaɗin ta miƙa wuya daga taron Fotsdam a Jamus ranar 26 ga Yuli ba ta karɓa ba, kuma ko bayan bam biyun majalisar yaƙinta rabuwa ta yi uku da uku sai da sarki ya tsoma baki, har wasu ƙananan hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki a daren 14 ga wata don a hana miƙa wuya. Duk wannan gaskiya ne.

Amma inda nake tsayawa shi ne maganar nan ta "an ceci mutum miliyan ɗaya". Ta yi ƙarfi ne a Fabrairun 1947 da Henry Stimson, wanda ya riƙe ma'aikatar yaƙi, ya rubuta doguwar maƙala a mujallar Harper's yana kare kansu, lokacin Amurkawa sun fara karanta labaran waɗanda suka tsira hankalinsu ya fara tashi. Kafin nan fa a 1946 wani kwamitin binciken gwamnatin Amurkan da kanta ya ce Japan za ta miƙa wuya kafin ƙarshen 1945 ko ba bam ko ba mamaya. Admiral Leahy, babban hafsan da ke kusa da Shugaba Truman, ya rubuta a 1950 cewa bam ɗin bai taimaka da wani abin kirki ba, Janar Eisenhower, kwamandan sojojin ƙawance a Turai, shi ma daga baya ya ce shi bai goyi baya ba tun farko. Kai hatta masana kimiyyar da suka ƙera abin, su 70 ƙarƙashin Leo Szilard sun sa hannu a takardar koke a Yulin 1945, wasu ma tun a watan Yuni suka ba da shawarar a tayar da shi a wurin da ba kowa Japanawa su gani da idonsu, ba a saurare su ba.

Sai batun Rasha, wanda ake yawan tsallakewa. Japan ta sa rai Mosko za ta shiga tsakani a yi sulhu, kwatsam ranar 8 ga Agusta Tarayyar Sobiyat ta shelanta yaƙi a kanta, washegari dakarunta suka afka Manchuriya, yankin ƙasar Sin da ke hannun Japan. Masanin tarihi Tsuyoshi Hasegawa a 2005 ya kafa hujja cewa wannan ne ya fi karya lagon shugabannin Japan, don ai ƙona gari ba sabon abu ba ne a wurinsu, a watan Maris ɗin shekarar an yi wa Tokyo ruwan wuta a dare ɗaya wajen mutum 100,000 suka mutu kuma ba su ajiye makami ba. Tun 1965 kuma Gar Alperovitz ke cewa an jefa bam ɗin ne har da niyyar nuna wa shugaban Sobiyat Stalin ƙwanji. Abin da ya fi ci min rai, babban sharaɗin da Japanawa suka nace a kai shi ne a bar musu sarkinsu, aka ƙi faɗa musu ƙarara, bayan an gama kisan kuma aka bar Hirohito a kan karagarsa har ya rasu a 1989.

Ko da zan yi wa na Hiroshima uzuri, kuma ba na yi, na Nagasaki kam ban ga ta inda za a wanke shi ba, kwana uku kacal ba su isa gwamnatin da komai nata ya wargaje ta gane abin da ya same ta ba balle ta yanke shawara.

A Amurka maganar har yanzu da zafi. A 1995 gidan tarihin Smithsonian ya shirya baje kolin Enola Gay tare da hotunan waɗanda suka ƙone, tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka yi ca, aka soke tsarin, shugaban gidan tarihin jiragen Martin Harwit ya ajiye aiki. A 1945 kashi 85 cikin ɗari na Amurkawa suka goyi bayan harin, a binciken Pew na 2015 sun koma kashi 56, a Japan kuwa kashi 14 ne kawai suka ce daidai ne. Wata kotu a Tokyo ta yanke tun 1963 cewa harin ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa amma ba ta ba da diyya ba. Obama ya je Hiroshima a Mayun 2016, shugaban Amurka na farko da ya je yana kan mulki, ya ajiye furanni ya rungumi wani tsoho da ya tsira, amma bai nemi afuwa ba. A 2024 ƙungiyar waɗanda suka tsira, Nihon Hidankyo, ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya, mafi yawansu yanzu sun haura shekara 80, waɗanda suke yara ƙanana ranar da abin ya faru.